Daga Gadon Tiyata Zuwa Fagen Dambe: Yadda Ake Shiga Wasan Faɗa Bayan Aikin Gwiwa

Ranar da mai jinyar gwiwa ya jingine sandunansa ya taka da ƙafarsa, zuciya takan fara raya masa abubuwa. Wani ƙwallo ce ta kai shi ɗakin tiyata, ya rantse ya bar fili, amma jiki na neman abin da zai fitar masa da gumi. Wani kuma tun yana yaro yake sha'awar dambe ko kokawa, zaman jinya ya tuna masa cewa shekaru na tafiya. Ana shiga wasan faɗa da gwiwar da ta sha wuƙa, kuma da yawa sun yi sun ci riba. Abin da ke mayar da mutum asibiti kusan kullum iri ɗaya ne: tafin ƙafa ya kafe a ƙasa, gangar jiki ta juya ko a juya ta da ƙarfi, gwiwa ta tsinci kanta a tsakiya. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don hana wannan motsi faruwa kafin ƙafarka ta iya ɗaukarsa.

Mataki na farko: ka san abin da aka yi maka

"An yi mini aikin gwiwa" ba bayani ba ne. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ne a Kano ko a wani wuri, ka nemi a gaya maka sunan aikin, ka rubuta.

Idan guringuntsin da ke zaman matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ne ya yage, wanda likitoci ke kira meniskos, aikin iri biyu ne. Ko dai a datse ɓangaren da ya yage, wanda mutum kan koma motsa jiki cikin wata ɗaya zuwa biyu, ko a ɗinke shi, wanda ke neman wata huɗu zuwa shida, tare da hana tsuguno mai zurfi na tsawon lokaci. Idan kuma gwiwar ƙarfe aka sa maka gaba ɗaya, yawancin likitocin ƙashi ba sa yarda da wasan da ake karo ko kayarwa. Naushin buhu da atisayen ƙafa su ne iyakarka, kuma akwai lafiya mai yawa a cikinsu.

Wani aikin da ake yawan yi wa matasa shi ne sake ɗaura igiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, kuma a kansa zan fi tsayawa. Wannan igiya ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba da murɗewa. In ta tsinke ba aikin mai ɗori ba ne, don babu ƙashin da ya karye. Likita kan yanko jijiya daga wani wuri a jikinka ya dasa a madadinta, kuma inda aka yanko yana da tasiri a kan wasan da za ka zaɓa. Wanda aka ɗauko masa daga ƙasan ƙoƙon gwiwa yakan daɗe yana jin zafin durƙuso, ko a sujada ma yana ji, balle a kokawar ƙasa inda rabin lokaci a kan gwiwa ake. Wanda aka ɗauko masa daga bayan cinya yakan rasa ƙarfin naɗe ƙafa, ƙarfin da ake buƙata wajen maƙale abokin karawa da ƙafafu. Akwai kuma jijiyar da ake samowa daga jikin mamaci, wadda ta fi jinkirin kamawa kuma ta fi tsinkewa a jikin matasa masu wasa.

Mataki na biyu: wata tara, sannan jarrabawa

Jijiyar da aka dasa ba ta zama igiya a rana ɗaya. Jiki sai ya shigar mata da hanyoyin jini, ya sake gina ta a hankali, kuma a cikin wannan aiki takan yi rauni a tsakanin mako na shida zuwa na goma sha biyu, daidai lokacin da zafi ya tafi mutum ya fara jin ya warke. Nan ne ake yawan yin ɓarna.

Wani bincike da aka buga a 2016, wanda masana daga Delaware ta Amurka da Oslo ta Norwe suka yi a kan 'yan wasa 106, ya gano cewa kowane wata ɗaya da mutum ya ƙara jira kafin ya koma wasa mai juye-juye yana rage haɗarin sake jin ciwo da kusan rabi, har zuwa wata na tara. A cikin waɗanda suka koma ba tare da sun ci gwajin ƙarfi ba, kusan 38 cikin 100 sun sake jin rauni. A cikin waɗanda suka ci gwajin, ƙasa da 6 cikin 100. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa mai haɗari, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yakan sake tsinka igiyar, ko a wannan gwiwa ko a ɗayar.

Dubi ƙwararru, masu likitoci da kuɗi da lokaci. Georges St-Pierre na Kanada, zakara a lokacin a UFC, gasar da ake haɗa dambe da kokawa a cikin keji, ya tsinka tasa a Disamban 2011, bai koma keji ba sai Nuwamban 2012, inda ya doke Carlos Condit a Montreal. Dominick Cruz, shi ma zakaran UFC a lokacin, ya tsinka tasa a 2012, jijiyar mamacin da aka dasa masa ta ƙi zama, aka sake aiki, ya dawo a 2014, ɗaya gwiwar ita ma ta tsinke, sai a Janairun 2016 ya karɓo kambunsa daga hannun T.J. Dillashaw. Waɗannan mutane ne da suka shekara suna koyon yadda ake faɗuwa da juyawa. Kai sabon shiga ne, ƙafarka ba ta san motsin ba tukuna, don haka wata tara shi ne mafi ƙarancin jiranka kafin wani ya taɓa jikinka, shekara guda kuma ba asara ba ce.

Cikar watanni kaɗai ba ta isa ba, sai gwiwa ta ci jarrabawa. Likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, shi ne ya fi dacewa ya gwada ka, amma ga abin da za a duba, kuma mafi yawansa kana iya fara aunawa a gida:

Miƙewa. Ka zauna a ƙasa ka miƙe ƙafafu biyu. Bayan gwiwar da aka yi wa aiki ya kwanta a ƙasa daidai da ɗayar. Idan akwai ragowar lanƙwasa ko kaɗan, tafiyarka ma ba ta daidaita ba.

Naɗewa. Ka iya tsuguno da zaman tahiya ba tare da ka karkata nauyi gefe guda ba. Mai salla yana da ma'auni sau biyar a rana wanda wasu ba su da shi.

Kumburi. Babu ruwa a gwiwa, ko bayan ka yi aiki mai nauyi jiya.

Ƙarfin cinya. Wannan shi ne babban gwaji. Tsokar gaban cinya ita ce ke fara zubewa bayan tiyata, ita ce kuma ke ƙarshen dawowa. Ana son ƙafar aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar. A gida, ka zauna a kujerar da gwiwarka za ta yi kusurwa daidai, ka rungume hannu a ƙirji, ka tashi da ƙafa ɗaya ka koma, ka ƙirga har ka gaji. Idan lafiyayyar ta yi 20, ɗayar ta yi 18 ko sama. Ka kuma ari awon tela ka auna kaurin cinyoyin biyu a wuri ɗaya, kamar santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa.

Tsalle da ƙafa ɗaya. Tsalle guda mai nisa, tsalle uku a jere, tsalle uku ana tsallaka layi hagu da dama, sai tsallen mita 6 ana duba agogo. Nan ma kashi 90 ake nema. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gaba: idan lokacin dira gwiwa na faɗawa ciki tana nufar 'yar'uwarta, ba ka ci ba ko nisan ya cika.

Wani abu da mutane ke mantawa: lafiyayyar ƙafar ita ma ta yi rauni a zaman jinya. Kashi 90 na ƙafar da ta rame ba abin alfahari ba ne. Ka ƙarfafa su duka biyu.

Mataki na uku: zaɓen wasan

Wasannin faɗa ba ɗaya ba ne a wurin gwiwa. Tambayar da za ka yi wa kowanne ita ce: wa ke iko da ƙafata, ni ko abokin karawa?

Damben boksin shi ne ƙofar da nake ba kowa shawarar ya fara shiga. Ba a taɓa ƙafarka, ba a kayar da kai, ba ka durƙusawa. Juyin da ke cikinsa kai ne ke yin sa, a lokacin da ka zaɓa. Sharaɗi ɗaya ne: duk naushin da ƙugu zai juya, dole dunduniya ta ɗaga, ka juya a kan tudun yatsu, ƙafa da gwiwa da ƙugu su tafi tare kamar ƙyauren ƙofa. Mai jefa naushin gefe da tafin ƙafa a shimfiɗe, gwiwarsa ce ke biyan kuɗin. Ka kuma lura da tsayuwa: ƙafar gaba ce ke cin birki da ɗaukar nauyi idan ka shiga, ta baya ce ke tunkuɗawa da juyawa. Kowacce aka yi wa aiki, ka gaya wa koci ya san inda zai sa ido.

Wasannin shuri, irin su takwando da damben Tailan da ake kira muwai tai, suna mataki na gaba. Mutane kan ɗauka ƙafar da ke shuri ce ke cikin haɗari, alhali wadda ke tsaye ce ke ɗauke da nauyin jiki duka tana juyawa. A damben Tailan kuma ana dukan cinya da gefen gwiwa da gangan. Takwando ya samu farin jini a Nijar tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, kuma ana iya koyonsa da gwiwar aiki, amma shurin tsalle da na juyawa baya su jira shekara ta biyu.

Sai wasannin kamawa: kokawa, judo da jiyu-jitsun Burazil. Nan iko ya bar hannunka. Nauyin wani mutum na iya faɗowa a gefen gwiwarka ba ka shirya ba. A judo an haramta kamun almakashi da ake kira kani basami, wanda ya karya ƙafar gwarzon Japan Yasuhiro Yamashita a 1980, amma akwai halastattun kaye, irin tani otoshi, da ke tsinka igiya idan ɗan koyo ya zauna a kan ƙafar abokinsa maimakon ya share ta. A jiyu-jitsu abin tsoro shi ne murɗar dunduniya: ana riƙe dunduniya a juya, ƙarfin ya tafi kai-tsaye ga igiyoyin gwiwa, kuma sau da yawa igiya kan tsinke kafin zafi ya gargaɗe ka. Amfanin jiyu-jitsu shi ne ana iya fara shi daga zaune, a bar kaye gaba ɗaya na watanni.

Namu na gida fa? Damben gargajiya a ido wasan hannu ne, mashi da garkuwa, amma dubi tsayuwar ɗan dambe: ƙafafu a buɗe sosai, jiki a sunkuye, nauyi a baya, sannan a yi wurgi da jiki duka bayan hannun da aka naɗe da kara. Ana shuri, ana rungumar juna a ture, kuma kisa shi ne a kai mutum ƙasa. Ga shi a kan rairayi ake yi. Rairayi na da daɗin faɗuwa, amma ƙafa kan nutse a ciki ta ƙi juyawa lokacin da jiki ya juya. Kokawar gargajiya, wadda Nijar ke yi wa gasar takobi tun 1975, ta fi haka: kamun ƙafa da taɗiya su ne jarinta. Ban ce kada ka yi su ba. Na ce su zo a ƙarshe, bayan shekara guda aƙalla kana wasan da kai ke iko da ƙafarka, kuma kada karonka na farko ya zama a gaban makaɗa. Kalangu da kirari sun sa masu lafiyayyar gwiwa ma sun yi abin da ba su shirya ba.

Mataki na huɗu: koci da abokin atisaye

Ka je gidan horon sau ɗaya ko biyu ka zauna ka kalla kawai. Ka duba ƙasan wurin: siminti tsirara na cin gwiwa wajen tsalle, katifar da ta yi laushi da yawa ko mai ramuka a mahaɗa tana kama yatsu. Ka duba yadda ake haɗa mutane: idan ana jefa sabon zuwa gaban tsohon hannu a ranar farko don a gwada zuciyarsa, nemi wani wuri.

Ka sami kocin kafin a fara, ka ce masa: "Malam, an yi mini aikin igiyar gwiwar dama wata goma da suka wuce. Likita ya sallame ni, amma ba na son kaye ko gwabzawa tukuna." Amsar da ya ba ka ta ishe ka hukunci. Wanda ya tambaye ka abin da aka hana ka, ya dace. Wanda ya ce ai namiji ba ya raki, ka yi masa sallama.

Abokin atisaye mafi haɗari shi ne ɗan koyo mai ƙarfi, mai nauyi, mai son ya burge. Ƙwararre ya san inda jikinsa yake, shi za ka nema. Kuma kana da ikon cewa a'a ga kowa, ba tare da dogon bayani ba.

Mataki na biyar: shiga daki-daki

Mako huɗu na farko bayan gwiwa ta ci jarrabawa, kai kaɗai. Kwana biyu a mako, da hutun kwana biyu a tsakani. Tsayuwa, taku gaba da baya, taku gefe, naushin iska a gaban madubi, tsallen igiya na minti ɗaya-ɗaya. Turmi uku na minti biyu sun isa. Mai son kokawa ko judo, wannan watan na koyon faɗuwa ne kawai: baya, gefe, gaba, daga tsugune kafin daga tsaye.

Wata na biyu, buhu da fale-falen da koci ke riƙewa a hannu. Ka fara da miƙaƙƙen naushi, sannan na gefe da rabin ƙarfi har juyin dunduniya ya zama ɗabi'a. Ka ƙara kwana na uku idan gwiwa ta yarda.

Wata na uku da na huɗu, atisaye da abokin da ka san abin da zai yi kafin ya yi: shi ya jefo, kai ka kauce, a maimaita. A kokawar ƙasa, a fara daga wuri ƙayyadadde, a hana kamun ƙafa, kuma da zarar ƙafarka ta maƙale ka buga hannu a sake ka, ko ba ka ji zafi ba.

Daga wata na biyar, gwabzawa mai sauƙi, turmi ɗaya ko biyu, a farkon atisaye lokacin da kake da ƙarfi. Gajiya ce ke kashe tsokar da ke tsaron gwiwa. Sau da yawa ɓarna a turmin "bari mu ƙara ɗaya" take faruwa. Kaye daga tsaye da gasa su ne na ƙarshe, kuma da izinin likitanka.

Abu ɗaya kawai ake ƙarawa a lokaci guda: ko yawan kwanaki, ko tsawon lokaci, ko ƙarfi. A duk tsawon wannan tafiya, ɗaga nauyi kwana biyu a mako ba ya tsayawa: tsuguno da nauyi, hawa akwati da ƙafa ɗaya, atisayen bayan cinya da na ɗuwawu da na sha-raɓa. Ranar da lokaci ya ƙure maka, ka bar dambe ka yi wannan. Ɗumama jiki na minti goma zuwa sha biyar kafin a fara, da tsalle da dira a ciki, shi ma dole ne.

Mataki na shida: karanta gwiwa da safe

Gwiwa ba ta cika magana a fili ba, sai washegari. Da ka tashi, ka shafa gefen ciki na gwiwar daga ƙasa zuwa sama sau biyu ko uku, sannan ka shafo gefen waje daga sama zuwa ƙasa. Idan ka ga wani ɗan tudu ya kumburo a gefen ciki, ruwa ya taru, ma'ana jiya ka wuce gona da iri. Ka huta har ya baje, ka koma matakin da ke baya na mako guda. Ɗan ciwon da bai wuce 2 cikin 10 ba, wanda ya tafi cikin kwana ɗaya, ba komai. Ka riƙa rubuta abin da ka yi da abin da ka gani a ƙaramin littafi. Bayan wata biyu za ka gane da kanka wane motsi ne gwiwarka ba ta so.

Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu ka yi atisaye, balle tiramol da wasu ke haɗiya kafin shiga fage. Ka kashe zafi, ka kashe mai gadin.

Takalmin gwiwa mai ƙarfe a gefe da ake saya da tsada, bincike bai nuna yana hana igiya sake tsinkewa ba, kuma a wasan kamawa yana yankar abokin karawa, shi ya sa wurare da yawa ba sa barin sa. Safar gwiwa ta roba mai matashi a gaba tana da amfani wajen durƙuso da ɗumi, ba ta wuce nan ba. Abin da ya fi su tasiri shi ne abinci da barci: tsoka na son furotin wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyinka a rana, daga wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da nama. Kowane kilo da ka rage na teɓa kuma sauƙi ne ga gwiwa. Da azumi, ka mayar da atisaye bayan buɗa-baki, ka bar gwabzawa sai bayan salla.

Sai tsoro. Mutum na iya cin duk gwajin ƙarfi amma ya riƙa ɓoye ƙafar a baya, yana dira a kan ɗayar, kuma wannan kaffa-kaffa ita kanta tana jawo rauni. Likitocin fisiyo na da takardar tambayoyi 12 da suke auna wannan da ita. Maganinsa maimaita motsin da kake tsoro a hankali, sau ɗari, a wurin da babu mai ture ka, har jiki ya daina ɗar-ɗar.

Akwai alamu huɗu da ba a jira da su zuwa safiya: ka ji ƙara "ɗas" a cikin gwiwa sannan ta kumbura cikin 'yan awoyi, ta sulluɓe maka kamar za ta fita daga mazauninta, ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta yi zafi da ja tare da zazzaɓi. Ko ɗaya ka gani, ka sa ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ka ɗaga ƙafar, ka koma kan sanduna, ka nemi likitan ƙashi a ranar ko washegari, da takardar aikinka ta farko a hannu.